Ƙarar da ke cikin kwamfutar Abban yara

Litinin, 3 ga Maris
Shugabar aiki ta dawo min da darussan da na naɗa duka. Wai a bayan muryata akwai wani abu yana "zuuu" kamar sauro, ɗalibai makafi kuwa da kunne suke karatu. Ta ce, "Ki gyara kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai dai mu nemi wata muryar." Na saurara da abin kunne. Gaskiyarta ce. Ni kam na daina jin ƙarar tuntuni.

Laraba, 5 ga Maris
Mai gyara ya zo, ya kara kunne a jikin kwamfutar kamar likita. Ya ce fawa saflai ne. Na ce, "Malam, ni ba 'yar mahauta ba ce." Sai da ya gama dariya ya nuna min ɗan akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Fankarsa ta tsufa, kuma wutar da yake ci da yawa zafi take zama.
Abban yara ne ya haɗa kwamfutar da hannunsa, a kan tabarmar falo, ƙusoshi cikin faranti. Tun rasuwarsa ba wanda ya buɗe ta. Mai gyara ya ce sai an canja akwatin. Na ce zan yi shawara.

Alhamis, 6 ga Maris
Shawara da wa?

Asabar, 8 ga Maris
Na shiga shaguna har ƙafata ta yi ciwo. Wani ya ce in ɗauki akwati mai ƙarfin wuta wat ɗari takwas, wai babba ya fi. Wani ya ce ɗari huɗu da hamsin ya ishe ni tunda ba wasannin kwamfuta nake yi ba, in dai duba wanda ba ya ɓarnar wuta, mai faffaɗar fanka da ke juyawa a hankali. Akwai ma wanda fankarsa ba ta motsi sam sai aiki ya yi nauyi. Na ɗauka, na ajiye, na sake ɗauka. Na dawo gida hannu rabbana.
Na share ɗaki sau biyu ba dalili.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ta kira. "Ke dai ba akwati kike zaɓe ba, kin sani." Na ce girki na kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Talata, 11 ga Maris
Na sayi mai shirun. Da mai gyara ya cire murfi sai ga wayoyi a ɗaure tsaf da baƙin zare, irin ƙullin da Abban yara yake yi wa bakin buhu. Mai gyara ya ɗauko almakashi, na ce a'a, bar min. Da farce na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye almakashin ya jira ni, Allah Ya saka masa.
Ya sa sabon, ya kunna. Na ce, "Ai ba ta tashi ba." Ya nuna min fitila tana ci.

Laraba, 12 ga Maris
Ɗakin ya yi faɗi da yawa. Na kasa zama. Ina jin agogo, ina jin maƙwabciya na tari, ina jin numfashina.

Juma'a, 14 ga Maris
Na naɗi darasi uku a zama ɗaya. Shugaba ta ce tas suke.
A na biyun harshena ya sarƙe wurin wata kalma, na yi dariya ni kaɗai. Da na zo tacewa na tsaya a wurin, na maimaita shi ya fi a ƙirga. Na manta haka dariyata take fita.
Ya kamata in yanke. Na dai tura a haka, in sun ga dama su yanke da kansu.