Kaskon Gwajinki, Kaka

Assalamu alaikum Kaka, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Jikarki Falmata ce, wadda kika raina a Gamboru. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kin tuna ɗan kaskon da kike ajiyewa a gefe in kina haɗa turaren wuta? Ba ki taɓa juye kaya duka a tukunya ba. Kaɗan kike ɗiba ki barbaɗa a garwashi, ki turo mini hayaƙin, ki ce in faɗi gaskiya. In na ce kajiji ya yi yawa sai ki harare ni, amma ki rage, ki sake gwadawa. "Wanda bai ƙona kaɗan ba, zai ƙona duka," haka kike cewa.

To bara makarantar da nake koyarwa a unguwar Mairi ta tura ni bita. Wasu masu kwat suka zo mana da sabuwar dabara, wai yara su kasu rukuni-rukuni, su yi ɗan aiki cikin mako, su nuna, a kushe, su gyara, su sake. Wallahi da kyar na danne dariya. Kaskonki ne fa, aka raɗa masa sunan Turanci.

Na dawo na gwada. A ajina akwai wata Yagana, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Ita ta ce zafi yana ruɓar da tumatirin da mahaifiyarta ke sayarwa. Rukuninta suka sa ƙaramar tukunya cikin babba, suka cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi, suka zuba tumatir a ƙaramar don ya yi sanyi. Gwajin farko wari ya kore mu daga aji, muka sha dariya. A na biyu suka gane sai a inuwa, inda iska ke kaɗawa. A na uku, Kaka, Yagana ce tsaye gaban allo tana musu da maza a kan yawan ruwa. Ranar na yi kewarki ƙwarai.

Sai mai makaranta ya kira ni, shi ɗin da ya tura ni bitar. Iyaye sun kawo ƙorafi, littattafan 'ya'yansu babu rubutu, ga jarrabawa ta ƙarato. Ya ce ko in gama manhaja, ko in ba wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai, ban ga laifinsa ba, ban ga na iyayen ba. Mai duba jarrabawa ba zai tambayi tukunya ba. Kuma kin san ƙannena a wuyana kika bar su.

Yanzu rubutu nake cika allo da shi, su kwafa, in goge, in sake cikawa. Tukwanen na bayan ƙofa, yashin ya bushe. Jiya Yagana ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yaushe za mu yi na huɗu? Na gano abin da ya rage." Na ce ta zauna ta ƙarasa kwafa. Ta zauna, ta sunkuyar da kai kamar da.

Juye yaran nake a tukunya gaba ɗaya, Kaka, sai ƙarshen shekara a ɗora a wuta, ba wanda ya shaƙa kafin nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ƙamshin Aljanna ne makomarki. Ni kuma Ya buɗe mini hanya tun Yagana ba ta manta abin da ta gano ba. Amin.

Taki har kullum,
Falmata