Mafarkin da Ban Yi Ba

Zuwa ga Timareta, fitilar gidana, sanyin ƙirjina, ruwan randata a ranar zafi, kurciyar da ta sauka a kan busasshen icce irina,

Gaisuwa daga Epidauros, daga ƙofar haikalin Asklepiyos mai warkarwa. Na san yayanki Sosibiyos ne ke karanta miki, tunda idanunki sun ƙi. Yaya, don girman alloli ka karanta duka, kada ka tsallake inda ya yi ɗaci. Zagin kuma ka ajiye mini har in dawo.

Masoyiyata, ƙarya na aiko miki. Ban yi mafarki ba. Ko barcin dare ma ban yi ba!

Kin tuna ranar da kika rako ni bakin teku, kina lalubar kafaɗata, ga cikinki ya tsufa har ba ki iya shiga jirgi? Kika ce, "Je ka kwana a haikalin a madadina, mai warkarwa ya zo maka a mafarki ya faɗi maganin. So nake in ga fuskar abin da zan haifa." Har kika tsokane ni, wai ban taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba, barci kawai zan yi. Na yi dariya. Kaico, da na sani da kuka na yi!

Na yi wanka, na miƙa hadayar zakara, na kwanta cikin marasa lafiya a ɗakin barci. Masu hidima suka kashe fitilu, suka ce ko mun ji motsi kada mu tanka. Kafin ka ce me, ɗaki ya ɗauki minshari. Ni kuwa ido ƙyar. Kowa ya san allahiya Dare ce uwar Barci da Mafarki, a cikinta alloli ke saukowa, matattu ke kai ziyara. Amma ni fa? Shekara ashirin ina kan kwale-kwale da wuta da mashi, ina jiran kifi ya taso. Dare a wurina lokacin aiki ne. A cikinsa na fara hango ki daga ruwa, daren da matan garinmu suka kwana suna rawa a kan tudu, ke ce ta uku a layi, gashinki ya kwance. Daren da ya ba ni ke, yau shi ya hana ni yi miki abu ɗaya tak da kika roƙa.

Kwana uku haka. Gari na wayewa sai in zube a inuwa kamar gungume, in yi ta mafarkin kifi. Na je na gaya wa wani tsoho mai hidima, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai masunci, ka taɓa jin mai warkarwa ya zaga da rana tsaka? Mafarkin nan ka kai shi kasuwa ka sayar."

A safiyar ce Doriyon mai jirgi ya tare ni zai koma gida, ya ce, "To angon barci, me zan ce wa matarka?" Kunya ta rufe ni. Na tuno ki zaune a bakin ƙofa kina jira, sai bakina ya kuɓuce. Na ce mai warkarwa ya zo mini a mafarki, ya shafa idanunki, ya ce ki riƙa wanke su da ruwan teku, kwana arba'in za ki gani. Ni na ƙirƙira, Timareta. Ruwan teku ne kawai abin da na sani.

Jiya Doriyon ya dawo yana washe baki. Wai kin sallami likita Firon, kin ce wanda ya fi shi ya yi magana. Wai safe da yamma kina zuba gishirin nan a ido, hawaye na kwarara, kina dariya kina sa mini albarka. Wayyo ni! Wane irin miji ne wannan? Da wane hannu zan sake riƙe naki?

Ina roƙon ki, rabin raina, ki zubar da ruwan nan yanzu, kafin a gama karatun. Yaya, ka je da ƙafarka ka dawo da Firon, ka ce masa laifina ne, ba nata ba.

Yau tun asuba nake ɗaukar wa magina duwatsu, ban zauna ba, ban runtsa ba, don dare ya same ni a gajiye. An yarda in ƙara kwana uku. In ya zo, zan kawo miki maganarsa ba ragi ba ƙari. In bai zo ba, zan dawo hannu wofi in durƙusa gabanki, ki yi mini hukuncin da kika so.

In kuwa duhun nan ya ƙi ɗagawa, ranar da kika sauka zan zauna kusa da ke in faɗa miki fuskar jaririn, ido da hanci da kunne. Abin da na gani kaɗai zan faɗa, in har kin sake yarda da bakina.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ranar da za a rufe mini ido,

Lamakos