Yayan matata ya kashe kyarkeci, gwaji ya nuna motata da gidana

Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yayan matata ya kashe dabbar da hukuma ta hana kashewa, ya lulluɓa min laifin, yanzu iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ita ce a kan siraɗi.

Ni a unguwar Ka'akiyya nake, a nan Makka aka haife ni amma ban samu jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ba, da iƙama nake zaune. Karatuna bai yi nisa ba, sana'ata ɗaukar kaya da wanet, wato ƙaramar motar a-kori-kura. Shi kuma yayan nata yana da jinsiyya, yana da garken tumaki a bayan gari ta hanyar Ɗa'if. Kwanaki ya yi ta ƙorafi wai kyarkeci na ɗauke masa 'yan raguna. Sai ya ari motata, ya ce ciyawa zai kai. Ya dawo min da ita a wanke tas, har ƙamshin sabulu take. Mutumin da ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaurayewa. Na ji wani iri a raina, amma na ce masa shukran.

Ba a jima ba ya zo gidana da kyauta. 'Yata ƙarama tana firgita a cikin barci, sai ya kawo guntun fata ya ce ta kyarkeci ce, aljanu ba sa zama inda take, a cusa mata a matashi. Ya ce tsohuwar fata ce, a unguwar Jarwal ya saya wajen mai magani. Matata har da hawayen godiya.

Ashe an tsinci kyarkeci a rataye jikin bishiya a bakin hanyar garkensa, yadda makiyaya ke yi don sauran su gani su tsorata, kuma an yanke masa fatar baya. Kamarar hanya ta ɗauki lambar motata. Ma'aikatan kula da namun daji suka kira ni, suka bi lungun bayan motar da auduga, suka tsinci gashi a inda ruwa bai kai ba. Da suka tambaye ni ko na taɓa mu'amala da kyarkeci, ni da wautata na je gida na farke matashin yarinya na kawo musu fatar, don su ga ban da abin ɓoyewa. Suka yanki kaɗan suka tafi da ita.

Wallahi ban san ana yi wa dabba gwajin DNA ba, na ɗauka sai ɗan da ubansa ke musu. Sakamako ya fito, gashin motar da fatar matashin duk na wannan kyarkecin ne da aka rataye, shi ɗin dai, ba wani ɗan'uwansa ba. Tun ranar nake tambayar kaina, tausayin 'yata ne ya sa ya kawo fatar, ko so ya yi idan an zo bincike a same ta a gidana? Me ya sa bai je da tasa motar ba?

Da na same shi sai ya ce ma'alesh, wai in yi haƙuri, in ce buge kyarkecin na yi da mota, shi zai tsaya min. Alhali akwai harsashi a jikin dabbar. Shi in an kama shi, tara ce ya koma gida. Ni in laifin ya tabbata, ina tsoron tarhil, a kai ni Najeriyar da ko titi ɗaya ban sani ba. Matata kuma kuka take, wai mahaifiyarsu ba lafiya, in na ambaci sunan yayanta za ta bar min gida.

Ranar Lahadi zan koma ofishin ma'aikatan namun dajin. Jama'a in faɗi sunansa ko in yi shiru saboda aurena? Akwai wanda ya san wata hanya ta uku?

Jiya bayan la'asar na tare yayan matar tawa a ƙofar masallaci na ce, Yaya, ko ka riga ni shiga ofishin nan da ƙafarka, ko ka ji sunanka daga bakina. Fatar da ka ce za ta kori aljanu daga ɗakin 'yata, ubanta take shirin kora daga ƙasar.