Jerena a Unguwar Tremont

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau, aikin ne dai ya ɗan tsaya tun da tsohuwar da nake jinya ta rasu. Kada ki damu.

'Yarta ta bar mini tsofaffin butocin tangaran da kwanukan firij masu murfi da marigayiyar ta tara. Na jera su reras, kamar na ɗakinki. Maƙwabciyata Adisa ta gani ta ce, "Zuweira, kin yi arziki." Dariya kawai na yi. Kin san kwanon jere, ba mai ɗaga murfinsa.

In Kawu Ishawu zai taso, a ba shi kuka da daddawa ya kawo mini, ko kwano guda ɗaya ya samu abin da za a zuba a cikinsa.

Allah Ya bar mana ku.

'Yarki,
Zuweira