Wayar da Ke Bakin Yusuf

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Yaya Faruk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Safiya da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, A'isha kuma ta koma ɗakinta bayan arba'in. Na zaɓi in rubuto ne domin ka san gidanmu, ko tari mutum ya yi a tsakar gida Baba yana ji daga zaure.

An gaya maka ƙaninmu Yusuf ya faɗo daga babur. Ba haka ba ne, Yaya. Farfaɗiyarsa ce ta tashi yana bakin aiki a shagon kafintoci na Unguwa Uku, ya kifa haɓa a kan teburin aiki, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye wuri biyu. A asibiti likita ya zayyana mana hanya uku. Ta farko a naɗa siririyar waya a haƙora, a ɗaure na sama da na ƙasa, baki a rufe sati shida, naira dubu saba'in. Ta biyu a shimfiɗa ɗan ƙarfe a jikin haƙoran kafin a ɗaure, ta fi riƙewa, dubu ɗari da talatin, amma ita ma bakin a rufe yake. Ta uku tiyata, a haɗa ƙashin da ƙarfe da ƙananan kusoshi, ba a rufe baki, sai dai ta haura dubu ɗari bakwai. Sannan ya tambaya ko Yusuf yana da wani ciwo, har ya ambaci farfaɗiya da sunanta. Baba ya yi saurin cewa babu. Ka san dangin Hafsat, wadda Yusuf zai aura bayan sallah, ba su san da ciwon ba. Baba ya zaɓi ta farko, aka ɗaure bakin.

Kwana biyar da dawowarmu, maƙwabciyarmu Virginia, wadda take aikin nas a Tarauni, ta shigo nuna mini yadda zan riƙa ba shi kunu da sirinji ta gefen haƙori. Ta tarar ina daka masa ƙwayar maganin farfaɗiyarsa, ta ɗauki kwalin ta karanta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce mai wannan ciwo ba a ɗaure masa baki, domin idan ciwon ya tashi, yawu ko amai ba su da hanyar fita sai huhu, kuma kafin a samo adaidaita an gama. Ta koma gida ta kawo mini ɗan almakashin yankan waya, ta nuna mini wurare huɗu da zan datse, ta ce kada in yarda almakashin ya yi nisa da hannuna.

Na sami Baba da maganar. Ya ce Allah ne mai tsarewa, kuma duk wanda ya fitar da sirrin gidansa ba shi ya haife shi ba. Duk da haka jiya Laraba na saci jiki na koma wurin likitan na gaya masa gaskiya. Ya ajiye biro. Ya ce dole a kwance wayar a yi tiyatar, kuma ranar da ya samu mafi kusa ita ce Litinin. Inna ta ce za ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta, don haka ba kuɗi nake roƙo ba. So nake ka kira Baba. Kai kaɗai yake saurara, kuma ba zan iya fitar da Yusuf daga gidan nan ta gabansa ni kaɗai ba.

Yusuf ya rame, kuma rabin maganin a gindin kofi yake tsayawa saboda ɗaci. Yau da hantsi na same shi ya ƙura wa bango ido, na kira sunansa sau uku kafin ya waiwayo. Kai ma ka san abin da yake biyo bayan wannan kallon.

Ka gaishe da Anti Safiya da Ibrahim da Kawu Audu. Inna tana sa maka albarka. Idan ka ga kirana kafin Litinin, ko a ina kake, ka ɗauka.

Ƙanwarka,
Zahra'u