Kafin Ka Taka Ƙasa

Zuwa ga Malam mai gyaran keken ɗinki, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyina, hadarin da ya haɗo mini bayan na cire rai da damina. Ban iya irin waɗannan maganganu ba, iyakar abin da nake da shi ke nan, ka yi haƙuri da su.

Na ji labari. Autarka za ta zo ta ɗauke ka, wai a babban asibitin garinsu akwai injin da ake buga wa mai ciwon diddige a ƙafa. Na kuma ji ta share maka ɗaki, har ta ce ka bar wa maƙwabcinka akwatin kayan aikinka. Malam, wanda zai je magani ya dawo, yana ba da sukurdirebansa? In ka tafi, ka tafi ke nan. Kai ma ka sani.

To saurara, don ni na riga ka shan wannan ciwo, kuma a ƙafa biyu.

Ta hagu ce ta fara. In na sauko daga gado da safe, kamar na taka ƙusa. Babban ɗana ya kai ni wajen injin. Suna shafa maka wani mai mai sanyi, su ɗora kan abin a diddige, ya yi ta ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙashi. Da zafi, amma ba ya kashe mutum. Na je ƴan lokuta, sauƙi ya zo, ba zan ɓata wa injin suna ba. Abin da na kasa ɗauka zaman gidan yaron ne: bene, talabijin, jikoki duk suna makaranta, surukata tana ta "Mama ki huta". Na huta har na fara manta sunayen ranaku.

Ina dawowa ta dama ta ɗauka. Na ce ko za a yanke ta ba zan koma ba. Wata ma'aikaciya a ƙaramin asibitinmu ta nuna mini: ki rataya tawul a yatsun ƙafa, ki ja wajenki kafin ki taka ƙasa. Ki tsaya a bakin matakala, ki ɗaga diddige, ki sauke a hankali. Ki murza kwalbar ruwan sanyi da tafin ƙafa. Kullum. Na ce da ita wannan wasan yara ne. Ta ce to in yi wasan. Ya ja lokaci, har na zage ta a zuciyata, amma ya yi.

Yau in ka tambaye ni wacce ta fi, wallahi ban sani ba. Ta hagu ta riga, ta dama ta kamo ta. Da su biyun nake taka keke. Wannan ƙafata ce dai, ba ta kowa ba, taka sai ka nuna a duba.

Amma na san ka. Ba za ka yi ba. Mutumin da yake manta shayinsa har ƙuda ya mutu a ciki, shi zai tuna da tawul?

Ka tuna ranar da ka fara zuwa, kekena yana tsinka zare? Ka shigo kana ɗingishi, ka ce takalmi ne. Ka gyara, ka tafi da wani ɗan noti a aljihu, washegari ka dawo wai mantuwa ce. Na ga lokacin da ka saka shi. Na ƙyale ka. Tun rasuwar maigidana ba wanda ya yi ƙarya don ya sake ganina. Daga baya ni ma sau nawa na kwance bel ɗin da hannuna na aika a kira ka? Ka ɗaure, ba ka tona ni ba. Shekara biyu muna wahalar da keken da lafiyarsa ƙalau!

Yanzu kwana da kwanaki kujerarka tana nan babu kowa. In na ji tafiya mai ɗingishi a waje sai in tsayar da ɗinki. Da tsufana! Haushin kaina nake ji, amma haka abin yake.

Ga maganata. Matakalar ƙofata daidai take, na gwada ta. Kwalba akwai, tawul akwai. Sai dai jan tawul ɗin nan da farkawa ake yi, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, kuma dole wani ya tsaya a kanka ya yi maka masifa. Ni kuwa ba ni da hurumin shiga ɗakinka da sassafe. Ka je ka ga ƙanena, ka ba ni hurumin. Na riga na gaya masa, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ka zo.

In an jima ba sauƙi, ni da kaina zan raka ka wajen injin, in riƙe maka takalmi, mu dawo tare. Ka faɗa wa autarka haka, ko ka turo ta wajena, yarinyar kirki ce, tsoro kawai take ji.

Akwatin nan kada ka ba kowa. Akwai wuri ƙarƙashin teburina.

Taka, iyakar abin da ya rage mana,
Mai keken da ba ya lalacewa.