Kalmar da Kika Bar wa Ummi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma in ban faɗa miki wannan maganar ba, cikina fashewa zai yi.

Maganar takwararki ce, Ummi. Ta shiga shekara tara. Tana nan yadda kika bar ta, shawarar da ta kama ta tana jaririya ba ta sake ta ba. Ƙafar hagu tana ja, magana kuma sai an maimaita mata sau uku kafin ta zauna a kanta. Amma Inna, yarinyar nan tana son makaranta kamar me! Baƙaƙe shida ta iya, tana kuwa rubuta su a jikin bango, a ƙasa, har a murfin tukunyata.

To ga inda matsalar take. Lokacin kaka ya zo, babur ɗin babansu tun asuba yake jigilar masara zuwa Dandume, babu mai kai ta makaranta a cikin Maska. Da ƙafa kuwa sai rana ta take tsaka take isa. Shi ne ya ce ta zauna gida mana, wai me ma take ɗauka a ajin? Na ce ya ba ni hutun makarantar nan, zan koya mata keken da ya yi wa yayarta kaɗan. Ya ce to, amma in aka koma ran Litinin ba ta iya ba, magana ta ƙare.

Sati uku, Inna. Kullum bayan la'asar ina goye da jariri, ina riƙe da sirdin keke, ina gudu a filin da ake shanya masara. Matan unguwa suna leƙe ta zana. Wata har ta ce min, wai Hauwa kin rasa aikin yi ne? Kamar ita ce za ta zauna min da yarinyar a gida.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da Ummi take yi. Sai na tura ta, keke ya ɗau hanya, ƙafafunta suna kan feda lafiya lau. Da zarar na ce mata taka, Ummi, taka! sai ta sauke ƙafa biyu ƙasa, ta tsaya cak, ta waiwayo tana min murmushi. Na sake turawa, na sake cewa taka, ta sake tsayawa. Wallahi murmushin nan ne ya fi ƙona min rai. Na ɗauka iskanci ne.

Shekaranjiya na kai maƙura. Na daka mata tsawa, na kai mata duka a cinya, na ce ke wace irin yarinya ce da ba kya jin magana? Ban taɓa dukanta ba sai ranar. Ba ta yi kuka ba. Ƙafafunta ta kalla, ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Mama, ai na taka. Inna ta ce taka."

Sai a nan na gane.

Na tuna ki a tsakar gidanmu, Ummi tana shekara huɗu ba ta fara tafiya ba, kowa ya cire rai. Kin durƙusa da ciwon gwiwarki, kin kama mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya kina ajiyewa a ƙasa. Taka, takwara, taka ƙasa, ba za ta cinye ki ba. Wata nawa kika yi kina faɗin haka har ta miƙe? Ashe kalmar tana nan inda kika ajiye mata. A wurinta taka ƙasa ce kawai. Sati uku tana yi min biyayya, ni kuwa ina zaginta.

Haba Inna! Ke da kika san kanta, me ya sa kika tafi kika bar ni da ita ina lalube? Da kina nan, ran farko za ki ja min kunne ki ce ni ce ban iya magana ba.

Jiya na canza baki. Na ce ta tuƙa da ƙafa, yadda nake tuƙa tuwo. Ta kuwa tuƙa. Ta yi kamar tsawon gidanmu biyu kafin ta faɗa kan tarin kara, ta tashi tana dariya. Amma ko yau in na saki sirdin, karkacewa take, kuma Litinin jibi ce. Babansu ya gani, ya ce tsawon gida biyu ba Maska ba ne. Gaskiyarsa. Haushin kaina nake ji, don da ban ɓata sati ukun nan ba, da yanzu wani zancen ake.

Na faɗa masa ran Litinin zan riƙe sirdin tun daga ƙofar gida har ƙofar aji, da goyona a baya, duk mai dariya ya yi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni dai na riga na wanke mata kayan makaranta, suna kan igiya.

Na roƙi Ummi ta yafe min dukan. Ta ce wane duka? Ke nake jin kunya yanzu, Innata.

Allah ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna saboda gwiwar da kika durƙusa a kai. Allah ya ba ni ko rabin haƙurinki, ya ƙarfafa ƙafar takwararki.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa'u